Ni ke ciyar da gida daga Jidda, ko ina da ikon gaya musu wanda za su zaɓa?

Sani Direba, Jidda: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon maganata, zuciyata ce ta yi nauyi. Shekarata goma sha ɗaya a Jidda ina tuƙi a gidan wani Balarabe, kuma duk ƙarshen wata riyal 800 ke tafiya gida, ko na ci ko ban ci ba. A gidanmu can Gwammaja masu katin zaɓe bakwai ne: Hajiyarmu, maiɗakina, ƙannena uku da matan biyu daga cikinsu. Ni kaɗai ne ba ni da shi.

Ran Litinin na kai kuɗi wurin mai canjin da muka saba da shi a Bab Sharif. Kafin in koma mota ƙanina Nasiru ya kira ya ce naira 160,000 ta shiga asusu. Yau Juma'a 17 ga Fabrairun 2023, kwana huɗu ke nan, kuɗin na nan a kwance saboda ƙarancin tsabar kuɗi da canjin takardun naira ya jawo, Hajiya kuma maganin sugarta ya ƙare tun Talata. Nasiru ya je banki kafin kiran assalatu, ya tarar da layi ya zagaya kwana, wani ya rubuta masa lamba 312 da biro a bayan hannu. Ana azahar aka fito aka ce kuɗi sun ƙare. Mai POS na unguwa ya ce duk dubu goma sai a bar masa dubu biyu, shi ma dubu biyar kawai ya iya bayarwa. A kemis ya tura ta waya, kuɗin suka fita daga wajensa, ba su shiga wajen mai kemis ba, ya dawo hannu rabbana. Mai kayan miya kuwa ko asusu ba ta da shi.

Jiya da dare na ɗauki waya zan tara su in ce duk wanda ke ci daga gumina, ga wanda zai dangwala wa a zaɓen shugaban ƙasa ranar Asabar 25 ga wata. Har na danna lamba na kashe. To ina tambaya tsakani da Allah: ina da wannan ikon ko ba ni da shi?

Malam Habibu, Madina: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Malam Sani, da kyau da ka kashe wayar nan. Shawara haƙƙinka ce, har ma nauyi ce a kanka, domin addini nasiha ne. Ka gaya musu abin da ka gani da dalilinka. Inda matsala take shi ne ɗaura shawarar a kan tukunyar gidan. Ciyar da mahaifiya da iyali wajibi ne da Allah ya ɗora maka, ba a sayen komai da shi. Abin da kake yi wa ƙanne kuma alheri ne, kuma a Baƙara aya ta 264 an hana mu ɓata sadaka da gori. Mu da muke zagin ɗan siyasar da ke raba taliya da sabulu a bakin rumfa, in muka ce "ka zaɓi wane ko in daina aike", to me ya raba mu da shi?

Auwalu Jar Hula, Riyad: Allah gafarta Malam, maganarka dutse. Amma Yaya Sani ba sai ya tilasta wa kowa ba, mutanen Gwammaja sun san inda alheri yake. Ni ɗan talaka ne, mahaifina faci yake yi a bakin titi, kuma yayana na cikin waɗanda gwamnatin Kano ta tura karatu waje a zamanin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Yau shi ke riƙe da rabin danginmu. Jami'ar Wudil a zangonsa na farko aka kafa ta, ta Northwest a na biyu. Gadar Ƙofar Nasarawa tana nan kowa na bi. Ba labari aka ba ni ba. Kwandon kayan marmari kawai, alamar NNPP ta Kwankwaso, daga sama har ƙasa.

Alhaji Bala Mai Canji, Jidda: Auwalu ɗana, ban musa maka aikin da aka yi a Kano ba, na gani da idona. Amma shugabancin Nijeriya lissafi ne, kuma lissafi sana'ata ce. Tsarin mulki ya ce bayan ka fi kowa yawan ƙuri'a sai ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24 cikin 36, ga kuma batun Abuja. Ƙirga mini jihohi 24 da NNPP za ta kawo wannan. Masu rajista a ƙasar sun haura miliyan 93, Kano duk girmanta miliyan 5.9 ce. Ko kowane mai kati a Kano ya fito ya ba ku, ba ku isa ko'ina ba. Atiku a 2019 ya samu sama da miliyan 11 a gaban Buhari da ke kan kujera. Shekara takwas ya yi yana mataimakin shugaban ƙasa, a lokacinsu wayar salula ta shigo a 2001, wadda yanzu da ita muke wannan hirar. Duk ƙuri'ar da ta tafi kwando daga lemar PDP aka cire ta, kuma tsintsiyar APC ce za ta ci riba.

Sannan ku tambaye ni abin da na gani a teburina. A 2015 dala tana wajen naira 200 a farashin gwamnati. Yau a kasuwa ta kai 750. Riyal tun da na zo ƙasar nan 3.75 yake a dala, bai motsa ba. Wasu na murna wai riyal ɗinsu ya yi auki. Wane auki? Buhun shinkafar da kake saya wa gida ƙasa da dubu goma yanzu ya haura dubu talatin.

Auwalu Jar Hula, Riyad: Baba Alhaji, wannan lissafin shi ake yi mana duk shekara huɗu, a ce kada ka zaɓi wanda kake so, zaɓi wanda zai ci. Da shi muka shiga inda muke. Kuma lemar taku ai a yage take. Gwamnoni biyar na PDP, su Wike da Makinde da Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi, sun ja daga tun kan rigimar shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu. Obi ya kwashe muku Kudu maso Gabas. A ina za ku samo naku 24 ɗin?

Garba Tela, Makka: Ku bar ni in faɗi abin da ba a son ji a wannan zaure. Ni Tinubu nake yi, kuma dalilina amana ce. Sau uku Buhari ya tsaya, 2003 da 2007 da 2011, da ƙuri'un Arewa zalla, bai kai ba. Sai da aka yi haɗakar 2013, ACN da CPC da ANPP suka zama APC, Yarbawa suka kawo nasu, sannan aka ci a 2015. Mun yi shekara takwas. Yanzu a ce wani ɗan Arewa ya sake karɓa? Gobe da wane ido za mu nemi wani ya yarda da mu? Gwamnonin Arewa na APC da kansu suka ce mulki ya koma Kudu kafin zaɓen fidda gwani. Ga Kashim Shettima a gefensa, wanda ya riƙe Borno daga 2011 zuwa 2019, lokacin da wuta ta fi ci.

Batun kuɗi kuma, Malam Sani, ka lura da waɗanda suka kai ƙara Kotun Ƙoli: gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara, duka na APC. Kotu ta ba da umarni ran 8 ga wata a dakatar da wa'adin 10 ga Fabrairu na daina karɓar tsoffin kuɗi. Tinubu da kansa a Abeokuta cikin Janairu ya koka da ƙarancin mai da canjin kuɗin.

Alhaji Bala Mai Canji, Jidda: Malam Garba, gwamnatin wa ce ta yi canjin? Ran 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki ya sanar za a sauya 200 da 500 da 1,000. Aka ce 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jiya Alhamis shugaban ƙasa ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba da yawo zuwa 10 ga Afrilu, 500 da 1,000 a kai Babban Banki. Jam'iyya ɗaya ba za ta zama ita ce mai dukan kuma ita ce mai rarrashi ba. An karɓe tsoffin kuɗi daga hannun mutane kafin a buga sababbin da za su wadata, a ƙasar da ƙauyuka da yawa sai ka yi tafiyar awa biyu kafin ka ga banki. In manufar hana sayen ƙuri'a ce, mai sayen ƙuri'a yana da dala, yana da atamfa da buhun shinkafa. Mai sayar da ƙosai ce ta rasa ciniki.

Hajiya Rabi, Makka: Sallama gare ku. Ni ban iya dogon rubutu ba, 'yar ɗakina ce ke rubuta mini ina faɗa. Shekarata bakwai ina aikin gida a nan. Ku kuna maganar wa za a zaɓa, mu a garinmu ta wajen Zurmi tambayar ita ce ina za a yi zaɓen. Makarantar firamaren da ake ajiye akwati a cikinta ba kowa tun bara, mutanenmu rabi suna Gusau rabi suna Ƙaura, wasu a kangon gini suke kwana.

Da damina aka ɗauke ƙanina a gona da shi da mutum shida. Na sayar da 'yan kunnena da warwaron da na tara shekara shida ina saya ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Utaibiyya, na ci bashin albashin wata huɗu wurin uwar ɗakina, Allah ya saka mata. Kwanansa 47 a daji. Da ya dawo aka turo mini hotonsa, sai da na kalla sau uku kafin na gane shi, ƙafafunsa duk sawun sarƙa. Har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya tashi a firgice. A 2015 da hannuna na yi wa mata goma sha biyu jagora zuwa rumfa, muna cewa Janar Buhari ne zai kawo tsaro. Ban ce ba a yi komai ba, na san an samu sauƙi a Borno. Amma mu wutar gidanmu ta dawo. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare ran 28 ga Maris na bara duniya ta ji saboda akwai manya a ciki, kuma su ma sai Oktoba na ƙarshensu suka fito. Namu ba mai ƙirga su.

Malam Sani, ni ba zan ce wa kowa ya zaɓi wane ba. Na taɓa yi, kuma har yanzu ina jin nauyin matan nan goma sha biyu.

Malam Habibu, Madina: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, ya ba shi lafiya. Abin da kika yi a 2015 da kyakkyawar niyya kika yi, ba laifi a kanki.

Garba Tela, Makka: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Ba ni da abin cewa a kan wannan.

Injiniya Nura, Dammam: Hajiya, Allah ya isar miki. Ina so in ƙara abu biyu. Na farko, ƙanwata ta shiga jami'a da niyyar shekara huɗu, yanzu tana ta shida. Yajin aikin ASUU na bara kaɗai daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba ya kai, wata takwas cur. Ita da ƙawayenta Obi suke yi, kuma da na tambaye ta dalili ta ce duk sauran ta san su tun tana firamare. Na san abin da za a ce, ba namu ba ne. Amma mataimakinsa Datti Baba-Ahmed ɗan Zariya ne, kuma mun gwada namu. Ban ce zai ci ba, jam'iyyarsa ba ta da gwamna ko ɗaya, a ƙauyukanmu ma ba a san alamarta ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna, kuma ban ji ana tattauna shi a wajen kamfe na Arewa ba. Tinubu da Atiku da Obi duka sun faɗa a fili za su cire tallafin mai. Kasafin bana ma zuwa watan Yuni kawai ya tanadi kuɗinsa. Ke nan duk wanda ya hau a cikinsu, litar mai za ta tashi, kuɗin mota zai tashi, kwanon masara zai bi. Mu da ke aike mu ne za a fara kira. Me kowannensu ya tanada wa talaka a watannin farko? Wannan ya kamata a tambaya, amma an bar mu da musun tikitin Musulmi da Musulmi da wane ne ɗan Arewa.

Auwalu Jar Hula, Riyad: Injiniya ka lura ba ka sa sunan Madugu Kwankwaso a cikinsu ba.

Injiniya Nura, Dammam: Na lura, waɗanda na ji da kunnena na ambata.

Ummu Khalid, Makka: Ni a Shara Mansur aka haife ni, kakana ne ya zo da ƙafa ta Sudan, ya yi shekaru a hanya yana noma yana tara guzuri. Ban taɓa ganin Nijeriya ba, Hausar ma a gida da kasuwa na koye ta. Amma fasfo ɗina kore ne, na 'ya'yana ma haka. Duk abin da ya samu naira ko sunan ƙasar yana samunmu a wurin sabunta iƙama da wurin neman aiki. Tambayata, me ya sa ba za mu yi zaɓe a ofishin jakadanci na Jidda ba? Ina ganin 'yan wasu ƙasashe suna layi a nasu.

Injiniya Nura, Dammam: 'Yar'uwa, tsarin mulkin 1999 ne ya ɗaure abin, ya sa sharaɗin mai rajista ya kasance mazaunin Nijeriya. An kai ƙudirin gyara, Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a a kansa a farkon Maris na 2022, bai wuce ba. Alhali kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna waje ke aikawa gida ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara. Ana son aikenmu, ba a shirya jin bakinmu ba. Kuma tun da an kawo na'urar BVAS mai duba yatsa da fuska, ban ga abin da zai hana a ajiye guda biyar a Jidda da Riyad ba.

Mahamadu Ɗan Maraɗi, Jidda: Mu a Nijar doka ta ware kujeru biyar a majalisar dokoki domin 'yan ƙasa mazauna waje. A zaɓen 2020 ba a samu yi da mu ba saboda korona, amma dai haƙƙin yana rubuce. Ku matsa wa 'yan majalisarku, su ma ran 25 ɗin za a zaɓe su, kowa ya manta da su ya tsaya kan shugaban ƙasa. Kuma don Allah ku yi zaɓe lafiya. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kasuwar Maraɗi da ta Jibiya tare suka kwanta.

Usman Mai Wurno, Jidda: Ina karanta ku tun ɗazu. Ni Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Rabonmu da zaɓen shugaban ƙasa tun Afrilun 2015. An cire Bashir a 2019, muka sa rai, sojoji suka sake karɓewa a Oktoban 2021. A Yulin bara an kashe 'yan'uwanmu Hausawa a rikicin jihar Shuɗin Nilu, ta wajen Rusairis da Damazin, dubbai suka bar gidajensu, kuma ba mu da wani zaɓaɓɓen wakili da za mu kama rigarsa. Na san zaɓenku na da aibi, na san a 2019 cikin dare aka ɗage shi ana saura 'yan awoyi. Duk da haka ku kuna da ranar da aka sa, kuna musu a kan mutum huɗu. Kada wahalar kuɗi ta sa mutanenku su zauna a gida. A 2019 wajen kashi 35 cikin ɗari kawai suka fito, abin ya ba ni mamaki ƙwarai.

Sani Direba, Jidda: Na gode muku duka. Bayan la'asar na kira Hajiya, na ce mata ina so mu yi maganar zaɓe. Ta ce in dakata ta gyara zama. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce ƙuri'arta ta farko a 1979 ta jefa, tana amarya, shekarar da matan Arewa suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Mahaifinmu ɗan NPN ne na gidi, ita kuma ta saka lulluɓinta ta je ta dangwala wa mabuɗi, PRP ta Malam Aminu Kano. Da ta dawo ya tambaye ta ko layi da tsawo, ta ce da tsawo, ya ce sannu, bai ƙara ko kalma ba har ya bar duniya. Ta ce in ina da wanda nake so in faɗa mata dalili za ta saurara. Na faɗa, ta saurara har ƙarshe, ta yi mini tambaya biyu a kan tsaro da farashin abinci, ɗaya na amsa ɗaya na kasa. Ba ta gaya mini inda ta karkata ba, ni ma ban tambaya ba.

Damuwarta daban ce. Ƙafarta ta kumbura, rumfarsu tana da ɗan nisa, kuma ranar zaɓe ba a barin abin hawa. Nasiru ya ce zai aro keken guragu wajen maƙwabta ya tura ta da sassafe kafin rana ta yi zafi. Katinta na cikin gwangwanin da take ajiye takardun gida. Saura maganin.

Alhaji Bala Mai Canji, Jidda: Sani, turo mini sunan maganin ta akwatin sirri. Akwai mutumina da ya gama Umara, jirginsa zai tashi zuwa Kano ran Lahadi da dare. In ka sayo a nan gobe ka kawo mini shago kafin magariba, zan ba shi ya sa a jakar hannu. Kafin nan kuma zan yi wa wani ɗan'uwa a Kantin Kwari magana, yana samun tsabar kuɗi daga ciniki, Nasiru ya tura masa dubu ashirin ya karɓa a hannu ba tare da an cire ko kwabo ba.

Hajiya Rabi, Makka: Alhaji, in mutumin naka zai yarda, ni ma ina da ɗan ƙunshi zuwa Gusau, man zafi ne da dabino. Akwai direban da zai karɓa a tasha a Kano.

Alhaji Bala Mai Canji, Jidda: Kawo Hajiya, amma kada ya wuce kilo biyu, kayansa sun yi yawa. Ki ba wani mai zuwa Jidda gobe da safe, ki rubuta lambar direban a jikin ledar.